Marin da aka yi wa mahaifina bai shiga takarda ba

Tun da na fito daga gidan kaso a ƙarshen 2021 ban taɓa zama na ba da labarin nan daga farko har ƙarshe ba, ko ga matata. Abin da ya tayar mini da shi, makon jiya a kasuwa wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya ɗaga benci zai rafka wa wani a ka don ya zagi uwarsa. Mutane sun yi da'ira, har da masu cewa a bar shi ya nuna shi ɗan halak ne. Na kutsa na riƙe masa hannu ta baya. Hannun yana rawa kamar na mai zazzaɓin damina. Na san rawar nan, na kuma san inda take kai mutum, don ni ta kai ni, na yi shekara huɗu da wata bakwai a can.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni a 1988, a unguwar Hausawa. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da fatauci, ya iso bakin Binuwai ya ga wurin zama, ya yi aure, bai sake komawa ba. Mun tashi da Hausa a gida, Fillanci a titi da kasuwa, kamar kowane yaron Garwa. Faransanci kuwa shekara uku kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, na iya gaisuwa da ƙirgen kuɗi, sai Baba ya ce ya fi buƙatata a gindin tebur. A lokacin murna na yi.

Baba ba mai hayaniya ba ne. Shekara arba'in yana fawa, ban taɓa jin an kai ƙararsa wurin Sarkin Fawa ba. Ranar da ya fara miƙa mini barho, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, abu guda ya kafa mini: duk lokacin da magana ta haɗa ka da mutum, ko ciniki ne, ka ajiye wuƙa a kan tebur tukuna, sannan ka buɗe baki. Idan na manta sai ya ɗan bugi bayan hannuna, har abin ya zame mini jiki. Ina da gaggawar fushi tun ina ƙarami, Inna takan ce zuciyata a kusa take. Amma ban taɓa zuwa ofishin 'yan sanda ba sai ranar da zan faɗa muku.

A farkon 2017 Baba ya ɗauko sa bashi daga hannun wani dillali a kasuwar Adumri, wadda ke ci ranar Alhamis. Jaka 240 ta kuɗin sefa aka yi ciniki. Da aka yanka aka fiɗe, likitan dabbobi ya duba huhu ya ce akwai cuta, ya hana sayar da naman gaba ɗaya. Ko kilo guda bai hau tebur ba. Duk mahauci ya san irin wannan rana, ita ce take karya mutum. Baba bai musa bashin ba. Cikin wata biyu ya biya jaka 180, da ribar yau da gobe da kuma tumaki biyu na Inna da aka sayar. Saura jaka 60.

Dillalin da kansa bai matsa ba sosai. Ƙanensa ya wakilta ya riƙa karɓa, wani tsarana, mai ɗaga murya. Ya zo ranar farko ya tsaya a gaban tebur yana cewa, "Tsoho, kuɗinmu." Baba ya ce, "Ɗana, ka yi mini haƙuri zuwa Lahadi." Washegari ya dawo ya kori masu sayen nama da hayaniya, yana gaya musu kada su sayi naman macuci. Na ajiye wuƙa na buɗe baki, Baba ya kalle ni, na yi shiru. Daren nan ban yi barci ba.

Rana ta uku, watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke sa kwano ya yi ƙara da tsakar rana. Ana gab da kiran azahar ya zo. Baba yana zaune a benci da farar hularsa. Ya miƙe ya kama hannun rigar mutumin a hankali, ya ce, "Zo mu koma gefe, nan kasuwa ce." Sai ya fizge, ya ce, "Sake ni, tsohon ɓarawo," ya ɗauke shi da mari.

Ƙarar marin na ji kafin in gane abin da na gani. Hular ta faɗi ƙarƙashin tebur, cikin ruwan wanke nama da ke gangarawa kwata. Baba, mai shekara 68, bai ce uffan ba. Ya sunkuya a gaban duk kasuwa yana laluben hularsa a cikin ruwan jini. Sunkuyawar nan ita ta ƙarasa ni. Barho yana hannuna na dama. Na ajiye shi a kan tebur, wannan ina tunawa sarai, hannun ne ya yi abin da ya saba. Sai hannun nan ya sauka a kan dutsen awo na ƙarfe mai kilo biyu da ke gefen sikeli. Sau ɗaya na buga, a gefen fuskarsa na hagu. Ya zube.

Kasuwa ta yi tsit. Ban gudu ba, ƙafafuna ma ba za su iya ba. Aka ɗora shi a babur, mutum ɗaya ya tallabe shi ta baya, aka nufi asibiti. Baba ya ɗago da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, ya dube ni ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kashe ni." Ƙashin kuncin mutumin ya karye, idonsa na hagu ya fashe. Bai sake gani da shi ba, ba zai kuma gani ba.

A ofishin 'yan sanda aka zaunar da ni gaban mai rubutu. Yana tambaya da Faransanci, wani yana juya mini da Fillanci. Kai ka buge shi? Na ce ni ne. Da me? Na faɗa. Me ya haɗa ku? A nan na tsaya. Baba yana zaune a benci a bakin ƙofa, ƙofar a buɗe, yana jin komai. Ta yaya zan buɗe baki a gaban baƙi in ce an mari ubana? Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san nauyin kalmar nan. Sai na ce, "Rigimar bashi ce." Aka rubuta, aka juyo mini da takardar na sa hannu, ban san abin da ke ciki ba. Takardar nan ita ta bi ni har gaban alƙali: mahauci, ana bin ubansa bashi, ya fasa idon mai karɓar bashi da ƙarfe. Ko ni aka karanta wa haka a kan wani, zan ce a ɗaure shi.

Manyanmu sun yi ƙoƙari. Sarkin Fawa da liman da dattawan unguwa suka je gidan dillalin, aka biya kuɗin asibiti, aka cika jaka sittin ɗin da ta jawo komai. Abin da ya gagara wata biyu, 'yan'uwa suka haɗa shi a yini guda, wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai har yau. Amma magana ta riga ta bar hannun dattawa. Da zarar irin wannan laifi ya isa teburin mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko wanda aka raunata ya ce ya yafe, shari'a ba ta tsayawa.

Wata goma sha ɗaya na yi a gidan kaso kafin a yanke mini hukunci. Ba zan tsawaita a kan zaman can ba. Ɗaki ne da ake kwana a gefe guda, idan za a juya sai a juya tare, abinci sau ɗaya a yini, wanda ba shi da mai kawo masa kwano daga gida yakan rame a idonka. Matata tana da ciki wata biyar lokacin da aka kama ni. Ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida don ta samu abin kawo mini. Ɗiyata a hannun uwarta na fara ganinta, ta tsakanin ƙarafa, ranar ziyara.

Sau huɗu ana kai ni kotu ana ɗagawa. Mutanen da suka ga marin nan sun fi talatin. Biyu ne suka yarda za su ba da shaida, suka zo ranar farko suka wuni a benci, aka ɗage, suka yi asarar cinikin yini. Ba su sake dawowa ba. Da can na riƙe su a zuciya, yanzu na sake su. Talaka yana tsoron ƙofar kotu ko da shaida aka kira shi, kuma kowa da bakin da yake ciyarwa. Lauya kuwa ba mu da kuɗinsa. Kotu takan naɗa wa mutum lauya dole ne idan laifinsa na kisa ne ko ɗaurin rai da rai, nawa bai kai can ba.

Ranar da aka saurare mu, wanda na raunata ya zo da baƙin tabarau. Ya ce ya zo karɓar haƙƙin yayansa ne na far masa. Bai ambaci mari ba, ba a kuma tambaye shi ba, tunda babu shi a takarda. Aka kira Baba. Na zuba masa ido, zuciyata tana cewa faɗa musu, Baba, faɗa musu. Tafinta ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina roƙon a yi masa sassauci, yaro ne mai biyayya." Shi ke nan. Dattijon da ake tashi a ba shi wuri a masallaci ba zai iya tsayawa a gaban jama'a ya ce yaro ya mare ni ba. Da aka zo kaina a ƙarshe, na tattara duk ƙarfina na ce, "Ya taɓa mahaifina." A Hausa kowa ya san abin da nake nufi. Tafintan ya juya kalmar yadda take, taɓawa, irin wadda ake yi wa mutum a kafaɗa. Alƙali ya rubuta wani abu ya wuce.

Shekara shida. Da kuɗin kotu, da jaka 900 na diyyar wanda na raunata. Da yatsu wani gandiroba ya nuna mini adadin, don ban gane ba da aka karanta.

Kusan wata biyu bayan haka aka mayar da ni wani ɗaki, na haɗu da wani dattijo da ya taɓa aikin akawu, mutumin Marwa, wanda kowa ke kira Malam. Yana da wani tsohon littafin dokar laifuka ta Kamaru da ya sha hannu har bangonsa ya fita, shi yake rubuta wa 'yan kaso takardu a ba shi sabulu ko sukari. Wata rana da dare ya ce in ba shi labarina. Shi ne mutum na farko da na gaya wa maganar hular. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya faɗi wannan a kotu?" Na ce babu. Ya dafe kai.

Da safe ya buɗe littafin yana karantawa yana juya mini da Fillanci. Sashe na 279 aka kama ni da shi, wato duka da ya jawo mummunan rauni kamar rasa wata gaɓa ko ido. Hukuncinsa shekara 5 zuwa 10, idan kuma da makami aka yi, shekara 6 zuwa 15. An ɗauki dutsen awona a matsayin makami, alƙali kuma ya ba ni mafi ƙarancin abin da sashen ya tanada. Sai ya koma baya zuwa sashe na 85, wanda ke magana a kan tsokana. Dokar ta ce ana rage wa mutum hukunci idan laifin da ya yi martani ne nan take ga wani abu na zalunci da aka yi masa, ko aka yi a gabansa ga matarsa, ko ɗansa, ko iyayensa, ko ɗan'uwansa. Iyayensa, a gabansa. Na sa ya maimaita mini wurin sau uku. Sashe na 87 kuma ya ce idan an karɓi wannan uzuri a babban laifi irin nawa, hukuncin yana sauka zuwa tsakanin shekara 1 da 5.

Na ce to mu rubuta, a sake dubawa. Ya ce kwana goma doka ta bayar na ɗaukaka ƙara, ni kuwa na haura kwana hamsin.

Ban san yadda zan kwatanta muku makonnin da suka biyo baya ba. Ashe ƙofa tana nan a cikin dokar, an yi ta don mutum irina, na wuce ta gabanta ban gan ta ba, don ba a rubuta ta da harshen da nake ji ba, kuma kunya ta ɗaure bakina da na ubana. Na daina cin abinci sosai. Ina kwance ina lissafi: da an ce shekara biyu, da yanzu saura kaza. Na ji haushin tafinta, na ji haushin shaidu, har Baba na ji haushinsa, Allah ya yafe mini. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin da ya ɗaga hannu ya mari tsoho a tsakiyar kasuwa ba wanda ya taɓa tambayarsa don me. A idon hukuma abin bai faru ba.

Malam bai bar ni na nutse a nan ba, kuma bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce in saurari sauran sashen. Dokar ta gindaya sharaɗi: kada martanin ya zarce tsokanar nesa ba kusa ba, kuma tsokanar ta zama irin wadda za ta iya fitar da mutum mai cikakken hankali daga hayyacinsa. Ya ce, "Na biyun kana da shi. Ban san wata ƙabila a ƙasar nan ba, daga Kuseri har Duwala, da za a mari uban mutum a gabansa jininsa bai tafasa ba. Amma na farkon fa? Shi tafin hannu ya sa, kai ƙarfen kilo biyu. Kuncin babanka ya huce kafin magariba. Idonsa fa?" Ya ce ko da lauya ya tsaya mini, alƙali yana iya karɓa, yana iya ƙi. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana. Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi.

A ɗakin nan na ga masu laifi irin nawa kala-kala, na kuma fara gane abin da dokar ke aunawa. Akwai wani manomi da shanu suka cinye masa gonar dawa ana saura kwanaki girbi, makiyayin kuma ya yi masa dariya. Ya koma gida, ya kwana, ya wasa adda, da asuba ya bi sawu. Kullum yana cewa shi ma tsokanarsa aka yi, kuma gaskiya ne an zalunce shi. Amma ya samu dare guda cur, ya yi sallar isha'i da ta asuba a tsakani. Ni tsakanin mari da bugu ko numfashi uku ban yi ba. Na yarda har zuciyata cewa bai kamata a auna mu da mudu ɗaya ba, kuma doka ba ta auna mu da mudu ɗaya ba, shi hukuncinsa ya ninka nawa. Akwai kuma wani da ya karya wa maƙwabcinsa hannu a kan zagi kawai. Danginsa suka ɗaukar masa lauya, aka kawo shaidu huɗu, bai cika shekara ba ya fita. Ban ce an yi ba daidai ba a kansa. An ji labarinsa ne gaba ɗaya, nawa kuwa rabi aka ji.

Wani malami yakan shigo mana wa'azi lokaci lokaci. Na tambaye shi hukuncin abin da na yi a Musulunci, ina fatan in ji abin da zai sanyaya mini rai. Ya karanto mini ayar Suratul Ma'ida da ta ce rai da rai, ido da ido, sai in wanda aka yi wa ya yafe. Ya ce diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai ce, raƙuma hamsin. Ya ce marin da aka yi wa mahaifinka zalunci ne, yana da haƙƙinsa a kan wanda ya mare shi, amma ramuwa ba ta wuce gwargwadon abin da aka yi. Sannan ya kawo hadisin da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa lokacin fushi. Na san hadisin tun ina makarantar allo. Ranar ce na fara jin sa a jikina. Da dare na rufe idona na hagu da tafin hannu na yi ta yawo a tsakar gidan kaso, ina cin karo da mutane ta gefen da ba na gani. Minti kaɗan na iya jurewa.

Ga inda na tsaya bayan duk wannan tunani, kuma ban sauya ba har yau. Ɗauri ya cancance ni. Na ɗauki abin da ba zan iya mayarwa ba, kuma da an sake ni a ce ai tsokanarsa aka yi, da an zalunci mutumin nan, da kuma an koya wa duk yaron kasuwa cewa zagi ko mari lasisi ne na fasa kai. Amma shekara shida da aka yanke a kan rabin labari ba adalci ba ne cikakke. Ina so a ce an faɗi marin a fili a cikin kotu, an rubuta shi, an dubi mutumin an ce kai ma ka yi laifi, sannan a yanke mini abin da za a yanke. Ko da shidan aka sake ba ni bayan an ji komai, da na ɗauke ta da sauƙin zuciya fiye da yadda na ɗauki wannan. Ban zargi alƙalin da mugunta ba. Abin da aka ajiye a gabansa ya auna.

Baba ya rasu a damina ta 2019. Tun ranar kasuwar bai sake tsayawa a gindin tebur ba, ƙanena ya karɓa. Zuwansa na ƙarshe wurina, ya rame ƙwarai, ya riƙe ƙarfen da ke tsakaninmu ya ce, "Da na faɗa musu, ko?" Ashe Inna ta gaya masa abin da Malam ya karanta mini. Na ce, "Baba, ba kai ka ɗauki dutsen ba." Ya ce, "Ka yafe mini." Uba yana neman gafarar ɗan da ya jawo masa wannan duka. Ban samu sallar gawarsa ba. Ƙanena ne ya zo bayan kwana uku ya gaya mini.

A watan Afrilu na 2020, lokacin cutar korona, shugaban ƙasa Paul Biya ya sa hannu a kan dokar rage wa fursunoni hukunci, na samu ragi a ciki. Da wa'adina ya cika ban fita nan da nan ba, saboda kuɗin kotu da ba mu biya ba, don a nan idan ba ka biya ba ana iya ci gaba da riƙe ka. Sai da mahautan layinmu suka yi karo-karo. Na fito ɗiyata tana da shekara huɗu, ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙena.

Na koma teburin Baba. Watannin farko wasu tsofaffin masu sayen namanmu sukan wuce su saya a gaba, wasu kuma, abin da ya fi damuna, sukan zo su yi mini kirari, wai namiji wanda ya rama wa ubansa. Duk wanda ya faɗi haka nakan ce masa ubana ya mutu ina kulle, wani ne ya yi masa wanka. Yaran layinmu kuwa, idan ɗayansu ya shiga hannun hukuma, nakan je da kaina in gaya masa: kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba, ka faɗi abin da ya faru tun daga farkonsa ko da akwai kunya a ciki, ka kira abu da sunansa, kuma ka riƙe lissafin kwana goma.

Diyyar jaka 900 ina biya kaɗan kaɗan ta hannun liman, saura jaka 310. Shi kansa mutumin sau ɗaya muka haɗu, bara, a kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Ya daina bin shanu, yana sayar da igiya da buhunan wofi. Na hango shi tun daga nesa, na tsaya na kusa rabin awa ina shawara da kaina. Daga baya na je ta gefensa na dama, inda zai gan ni, na yi sallama na durƙusa. Ya gane ni. Na ce, "Na zo neman gafararka ne a kan idonka." Ya daɗe bai amsa ba, yana murza wata igiya a hannu. Sannan ya ce, "Na ji tsohon ya rasu." Na ce e, shekara biyar ke nan. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba." Na jira ko zai ƙara wani abu a kan marin, ko a kan gafarar da na roƙa. Bai ƙara ba. Wani mai saye ya zo yana tambayar kuɗin buhu, ya juya gare shi da dukan jikinsa, yadda mai ido ɗaya ke juyawa. Na miƙe na ce sai an jima, ya ce mu jima da yawa.